RIGAR MOTA: WACE IRI TA DACE DA MOTAR DA AKA AJE CIKIN GAREJI?

Ƙasar Nijar ba ta ƙera mota. Kowace mota da ke yawo bisa titunan Yamai, Maradi, Damagaram ko Tawa daga waje ta fito. Da yawa cikinsu sun riga sun yi aiki a Turai, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kotonu ko ta Lome, suka yi tafiyar kilomita dubu ko fiye kafin su iso. Sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi cikin watan Janairu na 1994, duk abin da ake sayowa daga waje ya ƙara tsada, har da fenti da kayan gyaran mota. Saboda haka mota babbar dukiya ce, ko ta magidanci ce ko ta ma'aikatar gwamnati.

Akwai lokacin da tilas a aje wannan dukiya. Ma'aikaci yakan tafi ƙaro ilimi wata ƙasa har shekara guda. Maniyyaci yakan tafi aikin hajji. Ɗan kasuwa yakan yi watanni a Abijan ko Legas. A ma'aikatu kuma akwai motocin aiki da ke tsaye suna jiran kayan gyara ko kuɗin mai. Duk waɗannan sukan shigar da motar gareji, su lulluɓe ta da abin da ya samu, su kulle ƙofa da zaton sun tsare ta. Ranar da aka yaye lulluɓin, sai wani ya tarar fenti ya dushe, tsatsa ta kama gindin ƙofofi, kujeru na warin funfuna. Sau da yawa lulluɓin ne ya yi ɓarnar. Abin da ke tsare mota daga ruwan sama a fili daban yake da abin da take bukata cikin ɗaki, kuma wanda bai rarrabe su ba zai biya kuɗi ya sayi abin da zai lalata masa mota.

A fara duba garejin

Kafin a je kasuwa, ya kamata mai mota ya tsaya cikin garejinsa ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi bango. Gareji iri-iri ne. Akwai na siminti mai daɓe da ƙofar ƙarfe, irin na gidajen ma'aikata. Akwai ɗakin ƙasa mai rufin soro, wanda ke zubo da ɓarɓashin ƙasa duk lokacin da gara ta ci azara. Akwai mai rufin kwano, wanda ke zafi ƙwarai da rana, da asuba kuma raɓa ta taru a cikinsa ta riƙa ɗiga. Akwai rumfa, mai inuwa amma ba bango, inda iska ke ratsawa yadda ta so.

Cikin ukun farko, rana ba ta dukan mota, ruwan sama ma ba ya taɓa ta in rufin ba ya yoyo. Abokan gabanta a nan su ne ƙura, laima, kashin jemage da na tsuntsaye, ɓeraye, da kuma gogar masu wucewa: keken yaro, ƙahon rago, bokitin mai wanki. Rumfa kuwa rabinta waje ce, domin rana na shiga ta gefe da hantsi da la'asar, iskar hadari kuma na kaɗo ruwa. Wannan bayani ya fi shafar mota da ke cikin gini mai bango da ƙofa.

Ƙurar hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura. Kaso babba na wannan ƙura daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Cadi. Wurin gindin tsohon tafki ne wanda ya ƙafe tun dubban shekaru. Iska na matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta kwashe busasshen gindin tafkin. Masana na ɗaukar Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya, kusan kwana 100 a kowace shekara. Ƙurar na da laushi ainun, tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da ta kafar kwano, ba garejin da ke hana ta shiga ɗungum.

A hanya ƙurar na haɗuwa da ɓarɓashin rairayi. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Bisa wannan ma'auni, dutsen da ya fi yawa cikin rairayi yana kan lamba 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6. Ma'ana, rairayi na iya karce gilashi, balle fenti. Fentin mota duka, tun daga shafin farko har na ƙarshe, kaurinsa bai fi na fallen takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Shafin da ke sama, wanda ke ba mota ƙyalli, bai kai rabin haka ba.

Ƙurar da ta kwanta bisa mota ba ta yin lahani mai yawa muddin ba abin da ya motsa ta. Ɓarnar na farawa lokacin da aka ja ƙyalle a kanta. Rigar da aka sa wa mota mai ƙura, ko rigar da ita kanta ta cika da ƙura a ciki, aikinta ɗaya da takardar guga ta kafinta. Kullum aka sa, aka cire, ko iska ta kaɗa ta, sai ta ci kaɗan daga ƙyallin fenti. An fi ganin wannan a kusurwoyin rufi, da gefen kapo, wato murfin inji, da bayan madubai.

Laimar damina

Daga Yuni zuwa Satumba yanayi ya sake. Yamai na samun ruwa kimanin milimita 550 a shekara, Gaya kimanin 800, kusan duka cikin waɗannan watanni, Agusta ya fi yawa. Iskar da ta bushe ƙarau a Fabrairu sai ta cika da laima. Yawan ruwan da iska ke iya riƙewa ya danganta da zafinta. Iska mai zafin digiri 30 na iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowace mita mai kusurwa uku, wato tsawo da faɗi da tsayi. In ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kaɗai take iya riƙewa. Sauran sai ya sauka bisa abin da ya fi sanyi, kuma ƙarfen mota na cikin abubuwan da ke saurin sanyi da dare. Haka raɓa ke samuwa.

Ƙasar gareji ma na fitar da laima, musamman in ba daɓe. In an lulluɓe mota da abin da iska ba ta ratsawa, laimar da ta taso daga ƙasa da rana sai ta shiga ƙarƙashinsa, da dare ta zama ruwa bisa jikin mota, da safe ta rasa mafita. Kowa ya san yadda murfin tukunya ke tara gumi. Motar da ta yi wata uku cikin wannan hali, tsatsa za ta kama duk inda fenti ya ɓare, fenti na iya yin fari-fari kamar hazo ko ya yi ƙuraje, wayoyin wuta su yi kore a mahaɗa, funfuna ta kama kujeru da darduma.

Shi ya sa sharaɗin farko na rigar motar gareji shi ne ta riƙa shan iska. Rigar da ake tallarta da cewa ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta, an yi ta ne domin wani aiki daban.

Irin ƙyallayen da ake samu

Na farko shi ne tampol mai kauri, wanda direbobin kamyo ke kira bash. Yana da ƙarfi, yana da daɗewa, kuma ya dace da rufe buhunan albasa daga Galmi zuwa gaɓar teku. Ga jikin mota ƙarama kuwa bai dace ba. Yana da nauyi, cikinsa na da kaushi, iska ba ta ratsa shi. Wanda aka shafe da roba, in ya sha zafin Afrilu da Mayu ƙarƙashin kwano, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, yakan yi laushi ya manne wa fenti ya bar tabo.

Na biyu shi ne ledar nan shuɗiya ko baƙa mai araha, da buhunan roba da ake farkewa a ɗinke. Su ma ba sa shan iska, ko kuwa saƙarsu na da kaifi. Leda na da wurin amfani a gareji, amma a ƙasa: a shimfiɗa ta bisa daɓe kafin a shigar da mota, ta tare laimar da ke tasowa. Tampol shi ma yana da wurinsa, a sama: in rufi na yoyo ko yana zubo da ƙasa, a ɗaure shi ƙarƙashin rufin, a karkace, yadda ba zai taɓa mota ba.

Na uku shi ne auduga, kamar akoko mai matsattsiyar saƙa ko ƙyalle mai gashi-gashi a ciki. Auduga na da laushi, tana shan iska, ana wanke ta, kowane tela kuma na iya ɗinka ta. Ga gareji mai daɓe wanda ba ya yoyo, da wuya a sami abin da ya fi ta. Aibinta shi ne tana tsotse laima tana jinkirin bushewa, gara da ɓera kuma na cin ta. Da damina sai an riƙa cire ta ana shanyawa.

Na huɗu shi ne poliyesta, ƙyallen roba marar nauyi. Ba ya riƙe ruwa, yana saurin bushewa. Wanda aka yi wa shafi mai laushi a ciki yana da kyau. Marar shafi, mai santsi kamar na laima, in saƙarsa ba ta matsu ba ƙurar hunturu na ratsa shi, in kuma an shafe shi da roba ya koma kamar leda.

Na biyar shi ne ƙyallen da ba saƙa shi aka yi ba, matse zarensa aka yi fallen uku ko huɗu, irin na takunkumin asibiti wanda kowa ya sani tun annobar 2020. Yana tare ƙura, yana barin tururi ya fita. Shi ya fi dacewa da gareji mai yawan ƙura ko mai rufin kwano, domin yana iya tare ɗigon raɓa kaɗan. Sai dai ya fi tsada, kuma ba ya jimre wanki da yawa.

Bargo da tabarma da tsohuwar darduma, a nisanta su da mota. Suna ɓoye tsakuwa da ƙaya cikin zarensu, ba kuwa wankin da ke fitar da su duka.

Mai saye na iya gwada ƙyalle tun a kasuwa. Ya ɗora shi a baki ya hura: in iska ba ta wuce ba, laima ma ba za ta wuce ba. Ya ɗaga shi wajen rana: in ya ga haske na fitowa ta ƙofofi bayyane, ƙura za ta bi nan. Ya goga cikinsa a kumatu: abin da ya yi wa fata kaushi zai yi wa fenti. Ya jiƙa gefe ya murza bisa farin ƙyalle: in ya zuba, wata rana zai rina motar. Fari ko mai hasken launi ya fi, domin datti na saurin bayyana a kansa, a san lokacin wanki ya yi.

Awo da ɗinki

Riga mai yawa na jan ƙasa, tana kwasar rairayi, tana ba ɓera tsani. Riga ƙarama na matse kusurwoyi, tana yagewa wajen madubi. Motoci kuwa sun bambanta: Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, tsawonta mita 4 da santimita 49, yayin da Toyota Hilux mai ƙofa huɗu ta wuce mita 5. Rigar kanti da aka rubuta mata ƙarama, matsakaiciya ko babba, sai an karanta awon da ke jikin kwalinta an gwada da na mota.

Wanda zai kai wa tela, ya ɗauki igiya ya yi awo uku. Na ɗaya, daga ƙasan ƙarfen gaba, a bi ta kan kapo da gilashi da rufi har ƙasan ƙarfen baya. Na biyu, daga gindin ƙofar dama, a haura rufi, a sauka gindin ƙofar hagu. Na uku, kewayen motar duka daga ƙasa. In akoko ne, a wanke shi a shanya kafin a yanka, domin yana tsukewa a wankin farko, kuma sabon yadi na ɗauke da sitaci mai sa shi tauri. A gaya wa tela ya juya haɗin ɗinki waje, ya yi aljihu biyu na madubai, ya sa lastik a bakin gaba da na baya. Kada ya sa zik, maɓallin ƙarfe ko zobe inda za su taɓa fenti. Rigar ta tsaya daidai tsakiyar tayoyi, da tazarar taƙi guda daga ƙasa, domin iska ta sami hanyar shiga. A yi alama a gaba, don kada a riƙa jan ta bisa mota ana neman kai da gindi.

Kafin a rufe

A wanke mota da ruwa mai yawa, daga sama zuwa ƙasa, har da ƙarƙashinta inda laka ke maƙalewa. A cire kashin tsuntsu da na jemage nan take, domin suna da tsami mai cin fenti, haka ma ɗanƙon itace. A bar ta ta bushe sarai, a buɗe ƙofofi ruwan da ke lungu ya tsane. In da hali a shafa mata man ƙyalli. A share cikinta, kada a bar ko ƙwayar gyaɗa. Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa, a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a sa mata riga, sai fentin ya gama ƙeƙashewa.

Kada a rufe mota da zafinta. Salansa da bututun hayaƙi na yin zafin da ya wuce wanda ke narka ƙyallen roba. Leda na narkewa tun wajen digiri 120, bututun motar da ta yi tafiya kuwa na wuce haka nesa. A jira har a iya dafa kapo da hannu a ji ya huce.

Wajen sa riga, a ɗora ta naɗe bisa rufi, a warware gaba, a warware baya, sannan a sauke gefuna. Wajen cirewa, a naɗo gefuna sama, yadda cikin ba zai taɓa ƙasa ba, bayan mai ƙura kuma ba zai taɓa fenti ba. Mutum biyu sun fi mutum ɗaya a wannan aiki.

Abin da riga ba ta iyawa

Riga ba ta hana ɓera. Duhu da shirun da ke ƙarƙashinta ma suna jawo shi, ya shiga inji ya ci wayoyi, ya yi sheƙa cikin matatar iska. Gyaran wayoyin motar zamani kuwa na iya cin kuɗin da ya ninka na riga sau da yawa. Saboda haka kada a haɗa mota da buhunan hatsi, wake ko dusa a ɗaki guda. A toshe bakin salansa da ragar ƙarfe, a rubuta takarda a aje bisa sitiyari don tunawa. Takin zamani, gishiri, kanwa da siminti su ma a fitar da su, domin suna jawo laima ko suna cin ƙarfe da fenti.

Riga ba ta hana batir mutuwa, zafi kuwa na ƙara saurin zubar wutarsa. A kwance wayar da ke kan alamar ragi, ko a cire shi a riƙa yi masa caji. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan. A sauke burkin hannu, a tokare tayoyi da katako, don kada burki ya manne. Riga ba ta tare ambaliya: a daminar 2020 da ta 2024 ruwa ya shiga gidaje da yawa a Yamai da Maradi da Damagaram, don haka garejin da ke cikin kwari sai an yi masa dakali a bakin ƙofa, ko a kai motar tudu.

Wajibi ne a wakilta wani ya riƙa dubawa. Sau ɗaya a wata, sau biyu da damina, ya buɗe gareji da hantsi, ya cire riga ya kakkaɓe ta nesa da mota, ya shafa hannu ya ji ko akwai danshi, ya duba kashin ɓera da hanyar gara, ya gusa motar kaɗan don tayoyi su sake mazauni. Rigar da ta yi datti a wanke ta da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar. A ma'aikatu, shugaban ma'aikata na iya ɗora wa direba wannan aiki, a rubuta ranar kowace dubawa cikin littafin mota, domin motar da aka saya da kuɗin jama'a amana ce.

Hausawa na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda garejinsa ke da tsabta, bai sami riga mai laushi mai shan iska ba, gara ya bar motar a buɗe ta sha ƙura, ya wanke ta da ruwa ranar da ya dawo, da ya naɗe ta cikin bash ko leda. Wanda kuwa ya sami akoko mai kyau da tela mai bin awo, kuɗin da zai kashe bai kai na sake fentin ƙofa ɗaya ba.